Rabon kati da kuɗi ko kyautar kayanki: wanne ke tara mabiyan da za su tsaya?

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce kina sayar da humra da turaren wuta a Instagram da Facebook, kin yi rabon katin waya, mutane suka yi ta tururuwa, amma ana gama rabon suka fara zamewa, ciniki kuma bai motsa ba. Yanzu kina shawarar ko ki ƙara kuɗin rabon, ko ki koma ba da kayanki kyauta. Na ga wasu sun ce ki ƙara kuɗi. Ni ban goyi bayan haka ba, domin irin kyautar da kika sa ita ke zaɓo miki irin mutanen da za su zo.

Kati, data da kuɗi kowa yana so. Tun da hukumar kula da sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince wa kamfanonin sadarwa su yi ƙarin da ya kai kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, data ta ƙara zama abin nema. Ɗalibi zai zo, mai keke Napep zai zo, wanda bai taɓa sayen turare ba zai zo. Babu laifinsu, amma ba su ne masu sayen kayanki ba. Ga kuma masu asusu uku ko huɗu waɗanda aikinsu ke nan, bin shafuka suna farautar rabo. Idan ma kika saka lambar katin a fili, mai saurin hannu ya danna *311* ya loda kafin mai sayen kayanki ta gama karantawa.

Ɓarnar ba ta tsaya ga kuɗin da kika kashe ba, kuma a nan ne mutane da yawa ba sa lura. Instagram da Facebook ba sa nuna wa duk mabiyanki abin da kika saka. Suna lura ne da yadda ake mu'amala da shi: wa ya tsaya ya kalla, wa ya yi sharhi, wa ya tura wa wani. Waɗanda suka zo don kati, ko sun zauna, wuce hoton humrarki za su riƙa yi. Sai ki ga adadi ya hau a saman shafi, amma masu magana ba su ƙaru ba. Taron tsintsiya ke nan ba shara. Mai son ba ki talla ko haɗa gwiwa da ke, in ya san aikinsa, sharhin da ke ƙarƙashin hotunanki zai duba kafin ya dubi yawan mabiya.

To, kwalbar humra fa? Mutane kaɗan za su shiga, wannan kam ki shirya masa. Amma duk wadda ta ɓata lokacinta don kwalbar humra, mai amfani da humra ce, ko mai haɗa lefe, ko mai gyaran amarya. Wadda ba ta ci ba, ta riga ta san farashinki da sunan ƙamshinki. Wadda ta ci kuwa za ta shafa ta shiga biki, a tambaye ta inda ta samu. Ga kuma lissafi: katin naira dubu biyar, dubu biyar ɗin za ki cire daga jarinki, amma kwalbar da kike sayarwa dubu biyar, kuɗin haɗa ta kawai kika kashe.

Wahalarta ita ce aike. Idan kina Kano wadda ta ci tana Maiduguri ko Maraɗi, sai an je tasha an nemi direba, kwalba kuma tana iya fashewa a hanya. Ki faɗi tun farko garuruwan da za ki iya kaiwa, da wanda zai biya kuɗin mota.

Kati yana da wurinsa, ba zan ƙi ba. Idan burinki ki cika mabiya 1,000 da TikTok kan nema kafin ya bar mutum ya yi shiri kai tsaye, rabon kati zai gaggauta miki. Haka nan ɗan katin godiya ga wadda ta saba saye a wurinki abu ne mai daɗi, sai dai ki tura mata ita kaɗai, ba a fili ba.

Akwai haɗarin da ya fi yawa a rabon kuɗi, kuma shi ya fi damuna. Mutane suna jera lambobin asusun bankinsu da na wayarsu a wurin sharhi, kowa yana gani. 'Yan damfara sai su buɗe shafi da hotonki da suna mai kama da naki, su bi su ɗaya bayan ɗaya da cewa sun ci, su turo kuɗin rajista, ko BVN, ko lambar nan mai alƙaluma 6 da WhatsApp ke aikowa. A cuci baiwar Allah, sunanki ne zai ɓaci. Ko wanne kika zaɓa, ki rubuta ƙarara cewa ba za ki nemi ko sisi ba. Kada kuma ki sa kuɗin shiga, domin biyan kuɗi a jira sa'a ya shiga hurumin caca.

Sai batun sharaɗi. Dokar shafukan Facebook ta hana a ce sai mutum ya yaɗa sanarwar a shafinsa na kansa, ko ya ambaci abokansa, kafin ya shiga gasa. Tun Disambar 2017 ma kamfanin ya sanar cewa zai riƙa danne rubutun da ke roƙon a danna, a yaɗa, a ambata. Instagram kuma yana so ki rubuta cewa ba shi ya ɗauki nauyin rabon ba. Gara ki yi tambayar da za ta amfane ki: wane ƙamshi kika fi so, na ɗaki ko na kaya? Amsoshin za su nuna miki abin da za ki ƙara haɗawa.

Ki sa ranar rufewa, ki fitar da suna a bidiyo kowa yana kallo don kada a ce kin ba ƙawarki. Waɗanda suka shiga kuma ki gayyace su su adana lambarki, domin saƙon bai ɗaya na WhatsApp yana ɗaukar mutum 256 a jeri guda, amma sai wanda ya adana lambarki zai same shi. Lambobin masu saye ki kwafe su a littafi, domin manhajojin nan suna iya ɗaukewa. Ranar 4 ga Oktoban 2021 Facebook, Instagram da WhatsApp duk sun ɗauke kusan awa shida a lokaci ɗaya.

In ni ce ke, zan ɗaga rabon zuwa mako biyu ko uku kafin Sallah, lokacin da mata ke neman turare da gaske, in sa kwalba uku ƙanana maimakon babba guda, sannan in yi wa duk wadda ta shiga ɗan ragi na kwana uku bayan an fitar da suna.