Noman da aka saba da noma mai la'akari da yanayi: ina suka raba hanya?

Ɗan'uwa, tambayarka kashi biyu ce. Ka nemi sanin abin da ya bambanta noma mai la'akari da yanayi da noman zamani da aka saba, wato na huɗa kowace shekara, zuba taki da yawa da nanata shuka iri ɗaya, sannan ka tambaya ko da gaske yana rage ɗumamar duniya ko kuwa tsohon aiki ne aka laƙa wa sabon suna. A ganina, amfaninsa wajen kare manomi daga fari da ambaliya ba abin musu ba ne, amma rage iskar da ke ɗumama duniya ya danganta da dabarar da ake magana a kai, domin wasu dabarun suna da ƙarfi sosai, wasu kuwa an zuzuta su fiye da kima.

Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ce ta gabatar da wannan tsari a 2010 a wani taro a birnin Hague na ƙasar Holand, kuma ta ɗora shi a kan manufofi uku: ƙara amfanin gona, taimaka wa manomi ya jure sauyin yanayi, da rage fitar da iska mai ɗumama duniya a inda hakan zai yiwu. Noman da aka saba yana auna nasara da abin da aka girbe a kaka kawai, shi kuwa wannan yana ƙara tambayar ko gonar za ta bayar a shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri, da kuma abin da ta saki zuwa sama. Dalilin damuwar yana cikin rahoton kwamitin masana yanayi na IPCC na 2019, wanda ya ƙiyasta cewa noma, sare dazuzzuka da sauran amfani da ƙasa sun samar da kusan kashi 23 cikin 100 na iskar da ɗan Adam ya fitar tsakanin 2007 da 2016.

Mu fara da ƙasa, domin a nan aka fi samun ruɗani. A noman da aka saba, ana juya ƙasa da garma, a kwashe kara ko a ƙone shi, gona ta zauna tsirara har ruwan farko ya sauka ya wanke samanta. Huɗa tana kashe ciyawa kuma tana sassauta ƙasa, shi ya sa manoma ke son ta, amma tana buɗe ƙofa ga zaizaya, kamar yadda Amurka ta gani a shekarun 1930 lokacin da guguwar ƙura ta kwashe ƙasar gonakin da aka huɗe a filayenta na tsakiya. A noma mai la'akari da yanayi kuwa, ana shuka ba tare da huɗa ba, a bar kara da ganye su rufe ƙasa, a riƙa sauya amfanin da ake shukawa. Wanda ya ɗaga wannan shimfiɗar kara bayan kwanaki ba ruwa zai tarar da ƙasar da sanyi da danshi, alhali gonar da ke kusa wadda aka share ta riga ta bushe ta tsattsage. Barazil da Ajantina sun rungumi wannan hanya a kan miliyoyin hekta, ko da yake a can ta dogara ƙwarai da maganin kashe ciyawa.

Sai dai a nan ne nake jan hankali. Wani babban nazari da mujallar Nature ta buga a 2015, wanda ya tattara ɗaruruwan gwaje-gwaje, ya nuna cewa barin huɗa shi kaɗai yana rage amfanin gona da kusan kashi 6 cikin 100 a matsakaici, kuma ba ya ƙara amfani sai a wuraren da ke da ƙarancin ruwa, idan an haɗa shi da rufe ƙasa da sauya shuka. Batun adana kabon a cikin ƙasa, wato riƙe shi don kada ya tashi sama ya ƙara ɗumama duniya, shi ma haka yake: yawancin abin da ake gani yana taruwa ne a saman ƙasa, idan aka auna zuwa ƙasa sosai sai bambancin ya ragu, kuma komawa huɗa na iya sakin abin da aka tara. Ribar da ba a jayayya a kanta ita ce riƙe danshi, hana zaizaya da rage man da tarakta ke sha.

A gonar shinkafa lissafin ya juya, domin a nan dabarar tana rage iska mai ɗumama duniya ƙwarai. Hanyar da aka saba ita ce a bar ruwa kwance a gona tun daga dashe har kusan girbi, kuma a cikin laka da ba ta samun iska ƙwayoyin halitta ke samar da iskar metan, wadda ƙarfinta na riƙe zafi ya ninka na kabon dayoksaid, babbar iskar da ke ɗumama duniya, kusan sau 27 a cikin shekara 100. Cibiyar binciken shinkafa ta IRRI da ke Filifin ta yaɗa hanyar jiƙawa da busarwa bi da bi. Manomi yana kafa guntun bututu mai huji-huji a cikin gona, ya kwashe lakar cikinsa, ya riƙa leƙawa. Ba ya sake sakin ruwa sai ruwan cikin bututun ya sauka kimanin santimita 15 ƙasa da doron gona, in ban da lokacin fure da ake barin ruwa kwance. Wannan yana iya rage ruwan da ake amfani da shi da kashi 30 cikin 100, ya rage metan da kusan rabi, ba tare da amfanin ya ragu ba idan an kiyaye ƙa'ida. Sharaɗinsa shi ne manomi ya kasance yana da iko da ruwansa, domin wanda bai da tabbacin samun ruwa gobe ba zai yarda gonarsa ta bushe yau ba.

Taki kuwa, mutane da yawa suna zaton noma mai la'akari da yanayi yana nufin a daina takin zamani, kuma wannan kuskure ne. Siri Lanka ta hana shigo da takin zamani a 2021, amfanin shinkafa da na shayi ya faɗi, gwamnati ta janye dokar kafin shekarar ta ƙare. Bambancin yana ga yadda ake sa takin. A hanyar da aka saba ana watsa shi a fili gaba ɗaya, shuka ba ta ɗaukar ko rabin naitirojin ɗin da aka zuba, sauran ya bi ruwa ko ya tashi, wani sashe a matsayin naitiros oksaid, wanda ƙarfinsa ya ninka na kabon dayoksaid sau 273. A ɗaya hanyar ana auna buƙatar ƙasa, a raba takin kashi-kashi, a binne shi kusa da saiwa, a kuma shigar da dangin wake cikin jerin shuka. Ga manomin da ke zuba taki fiye da kima, wayo shi ne ya rage. Ga wanda ƙasarsa ta gaji don ba ta samun komai, wayo shi ne ya ƙara, domin gonar da ta bayar da kyau tana rage buƙatar sare sabon daji.

Ingantaccen iri kusan gaba ɗaya kariya ce ga manomi. Shinkafar Swarna-Sub1 da aka saki a Indiya a 2009 tana jure nutsewa cikin ambaliya har kimanin mako biyu, abin da zai kashe irin da aka saba, amma ba ta rage iskar da gonar ke fitarwa.

Game da zargin sabon suna, akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Ƙungiyoyin ƙananan manoma irin su La Via Campesina sun soki tsarin da cewa ba shi da iyaka bayyananniya, har manyan kamfanonin taki ma suna iya kiran aikinsu da shi. Haka kuma dabaru da dama sun girmi sunan. Ramukan zayi da marigayi Yacouba Sawadogo ya farfaɗo da su a Burkina Faso, inda ake haƙa rami a ƙasar da ta taurare a zuba taki don ya tara ruwa, tsohuwar hikimar manoma ce.

Itatuwa ne suka fi haɗa manufofin uku wuri guda. Noman da aka saba yana ɗaukar itace a matsayin abin da ke tare wa garma hanya, a sassabe shi a tumɓuke kututturen. A Nijar, tun daga farkon shekarun 1980, Tony Rinaudo da manoman da ya yi aiki da su sun ɗauki akasin haka: a zaɓi toho mafi ƙarfi daga kututture mai rai, a datse sauran, a kare shi har ya girma. An ƙiyasta cewa hakan ya dawo da itatuwa kimanin miliyan 200 a kan hekta miliyan 5. Itace irin gawo yana zubar da ganye da damina, don haka ba ya hana shuka rana, yana ƙara wa ƙasa naitirojin, kuma kabon ɗin da ke jikinsa abu ne da ake iya aunawa. Amma aikin bai bazu ba sai da manoma suka sami tabbacin cewa itacen da suka rena nasu ne, ba na jami'in gandun daji ba, kuma har yanzu wanda yake noma gonar haya ta shekara guda ba shi da dalilin renon itacen da wani zai sare.