Garajin da ya gano abin da ke shaƙe min 504

Duk mai tsohuwar mota mai karbirato (wurin da ke haɗa mai da iska) a Damagaram, in ta fara shaƙewa da mai tana ƙin tashi, akwai wani garaji a Sabon Gari da zan tura shi kai tsaye. Ba allo, ba fenti, rumfar kwano ce da rami guda. Mai wurin dattijo ne, ba ya yawan magana, kuma ba ya aika mutum sayen kaya sai ya ga ciwon da idonsa. Wannan ne ya sa nake rubutun nan.

Peugeot 504 gare ni, da ita nake kai kaya kasuwar Mirya ranar Lahadi. Sai ta ɗauki wani hali: ka murɗa makulli inji ya yi ta juyawa ba ya kamawa, warin isansi ya cika ciki, in ta daure ta tashi sai baƙin hayaƙi. Wani garajin sun sa na sayi batir da buji sababbi, ko mako ba a rufa ba ta koma gidan jiya.

Shi dattijon nan buji ɗaya ya fara kwancewa. Ya fito baƙi ƙirin, jiƙe sharkaf. Ya shinshina, ya jona shi da wayarsa, ya ɗora a jikin inji, ya ce da yaronsa ya murɗa. Wuta ta ba da shuɗi tas. Ya ce, "Alhaji, wutarka lafiya lau, mai ne ya fi iska yawa." Daga nan ya buɗe saman karbirato, ya zaro fulote ya girgiza min a kunne, sai ga ƙarar mai a ciki. Ya huje ke nan. Aikin fulote kamar na ƙwallon da ke tsai da ruwa a tanki ne in ya cika: mai ya hau, shi ma ya hau, ya tura allura ta toshe hanya. In ya sha mai ya nutse, ba mai rufe ƙofa, sai mai ya yi ta kwarara cikin inji. Allurar ma ya nuna min tsakuwar yashi maƙale a bakinta, matatar iska kuwa ƙurar hunturu ta toshe ta sam.

Yashin nan ya ɗora laifinsa kan man kwalba na bakin titi, har yana min tsiya wai tun 2011 matatar mai ta SORAZ ke aiki a hanyar Tanut amma ina shayar da mota bumburutu. Ban ce uffan ba, kowa ya san abin da aljihu ke sawa.

Abin da ya fi burge ni, da ya gama bai rufe bonet ba. Ya zaro sandar awon baƙin mai ya kai hanci, ya ce isansi ya gangara ya tsinka shi, dole a yi bidanji, wato a juye shi a zuba sabo, in ba haka ba ƙarafan ciki su ci juna. Ya kuma koya min tayar da ita in ta shaƙe a hanya: a danne totur har ƙasa a riƙe, a murɗa kamar daƙiƙa 10, a huta wa batir, a sake. Ban da famfa totur, don kowace dannawa ƙarin mai take fesawa. In ta ƙi, a kwance buji a shanya.

Kuɗin hannunsa jaka 5 ya karɓa, kaya ni na sayo da kaina. Masu motocin zamani masu kwamfuta kuwa, ya faɗa ƙarara ba shi da na'urar duba su, ya kan tura su gaba.

Sai dai wurin na da nasa. Jira sai mai haƙuri, wanda ya wuce ƙarfe 8 na safe ya shirya yini. Yaransa sun bar min shatin hannu na baƙin mai a kujera. Wanda ya fi tayar min da hankali, ana wanke karbirato da isansi a kwano, ga murhun shayi da garwashi ja taku kaɗan daga wurin, ba ko tulun kashe gobara. Na yi masa magana, ya sa aka matsar da murhun bayan rumfa, amma da na koma bidanji na tarar da shi inda yake da.