Kano zuwa Guangzhou: Addis, Alƙahira ko Doha?

Duk ɗan kasuwar da zai je Sin sarin kaya, abin da yake fara tambayar ejan shi ne, "Alhaji, wanne ya fi arha?" Ni dai a ganina ba daga nan ya kamata a fara ba. Tsakanin filin jirgin Malam Aminu Kano da na Baiyun a Guangzhou akwai kusan kilomita 11,000 a miƙe, kuma babu jirgin da ke zuwa kai-tsaye. Dole ka yada zango a wani wuri, kuma zangon nan shi ke nuna ko za ka sauka da ƙarfinka ko a galabaice.

Ta Addis Ababa, da jirgin Ethiopian, awa huɗu da ɗoriya ne daga Kano, sannan kamar awa goma zuwa Guangzhou. Addis tana kan tudu, sama da mita 2,300, saboda haka da dare sanyin filin Bole yana ratsa ƙashi. Na sha ganin mutanenmu cikin shadda ɗaya tal, sun naɗe hannu a hammata suna jiran a kira jirgi. Sa rigar sanyi a jakar hannu.

Ta Alƙahira, da EgyptAir, lissafin ya yi kusa da wancan: ƙasa da awa biyar, sai kuma wajen goma. Ta Doha kuwa, ga wanda zai tashi daga Abuja, tafiyar ta kusa rabuwa biyu daidai, wajen awa bakwai sannan takwas. Mai ciwon baya ko ƙafa zai fi jin daɗin wannan.

Ka ga ashe zaman cikin jirgi awa 14 ne zuwa 15 ko ta ina ka bi. Bambancin yana wajen jira. Tikiti biyu na iya kusan zama kuɗi ɗaya, amma ɗaya jiran awa uku, ɗaya awa goma sha biyu a kan kujerar ƙarfe. Jiran da bai kai awa biyu ba ma ina gudunsa, domin jirgi na yin latti kaɗan ka rasa na gaba.

Lokutan da ke kan tikiti na garin da aka ambata ne, kuma Sin tana gaban Najeriya da awa bakwai. Sai ka cire su kafin ka san ainihin tsawon tafiyar.

Ka nace a yankar maka tikiti ɗaya tun daga Kano har can, yadda kamfanin zai ɗauki nauyinka in ka makara a zango. Ka tambayi kilo nawa aka yarda a dawowa, tunda a nan ne kaya ke yawa. In kuma tafiyar ta faɗo Afrilu ko Oktoba, lokacin baje-kolin Canton, babban baje-kolin kasuwanci da ake yi a Guangzhou, yanki tikiti da wuri, kafin kujeru su yi wuya.