Greyhound Trust: abin da ke jiran wanda ya je karɓar karen tsere mai ritaya

A Birtaniya karen greyhound yakan bar filin tsere yana ɗan shekara 3 zuwa 5, alhali yana iya kai shekara 12 zuwa 14 a duniya. Ragowar shekarun nan ne ƙungiyar Greyhound Trust take nema wa gida tun 1975, ta hannun rassanta da galibi 'yan sa-kai ke riƙe da su. Aikinsu na haɗa kare da gidan da ya dace da shi yana da kyau ƙwarai. Inda sabon mai kare ke shan wuya shi ne makonnin farko, kuma bayanin da zai samu a kan hakan ya danganta da reshen da ya je.

Tsarin ba shi da wahala. Za ka cika fom, a tambaye ka ko akwai yara, kyanwa ko wani kare a gidan, da awa nawa karen zai riƙa zama shi kaɗai. Daga nan a duba gidan, musamman katangar bayan gida. Idan komai ya yi, ka biya kuɗin karɓa, a miƙa maka kare da aka fiɗiye, aka yi wa riga-kafi, aka sa masa 'yar na'urar shaida a ƙarƙashin fata kamar yadda doka ta wajabta tun 2016. Ana haɗa maka da abin wuya, igiya da takunkumi. Leƙa cikin kunnensa za ka ga lambobin da aka zana masa tun yana ɗan kwikwiyo. Da su ake gano tarihin tserensa.

Abin wuyan nan ba ado ba ne. Kan greyhound ya fi wuyansa siranta, don haka abin wuya na sauran karnuka zamewa yake yi da zarar ya ja da baya. Nasa mai faɗi ne, ana ɗaura shi can sama, dab da bayan kunnuwa, yadda yatsu biyu kawai za su shige. Takunkumin kuma irin na kwando ne, yana iya haki da shan ruwa a ciki. Kada a raina shi. An horar da karen nan ya bi duk wani ƙaramin abu mai gudu, kuma yana kai kilomita 70 a awa, ta yadda kafin ka buɗe baki ya riga ya cim ma zomo ko kyanwar maƙwabta. Shi ya sa ba a kwance masa igiya sai a fili mai shinge. Igiyar nan mai tsawaita kanta da kanta kuwa haɗari ce: yana kaiwa ƙarshenta da cikakken gudu, ko wuyansa ya ji rauni ko ta fizge daga hannunka.

Wanda ya san siririn karen Buzaye na Azawak zai gane ƙirar jikin nan take. Sai dai wannan ba karen gadi ba ne, bai cika haushi ba, kuma ba ya kwanan waje. Ba shi da kitse, gashinsa gajere ne, dole a sa masa riga lokacin sanyi, a shimfiɗa masa abu mai laushi don kada gwiwoyinsa su yi gyambo. Yawo na minti 20 sau biyu a rana ya ishe shi, sauran wunin barci yake yi.

A keji ya tashi, bai san gida ba. Matakalar bene sai an koya masa, ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Ƙofar gilashi kuwa a manna mata takarda daidai tsayin idonsa, in ba haka ba zai afka mata. Akwai kuma abin da ya kamata kowane reshe ya nanata wa masu yara: bai saba a taɓa shi yana barci ba, yakan zabura ya kai cizo. A kira sunansa tukuna, ya buɗe ido, sannan a matso.

Ta fuskar lafiya, haƙora ne matsalar farko. Da yawa suna zuwa da dasashi mai ciwo, sai an riƙa goge musu baki kullum da man haƙorin karnuka. Idan yana ɗingishi a kan kwalta amma ya miƙe a kan ciyawa, duba tafin ƙafarsa, yawanci kanta ce, wato ƙullutun fata mai tauri, ta fito. Ɗingishin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa tare da kumburi yana buƙatar hoton ƙashi, domin sankarar ƙashi ta yi yawa a wannan iri. Abinci a raba shi kashi biyu a rana, a bar tazarar awa ɗaya tsakanin ci da gudu saboda murɗewar ciki, wadda ke kisa cikin awoyi.

A nemi likitan dabbobi da ya saba da su. Jininsu ya fi na sauran karnuka yawan jajayen ƙwayoyi, sinadarin ƙwayar thyroid ta maƙoshinsu kuma yana fitowa ƙasa a gwaji ko da lafiyarsu ƙalau, sannan wasu magungunan sa barci suna daɗewa a jikinsu. Tambayi reshen sunan likitan da suke kai nasu karnukan tun kafin ka ɗauko naka.