Alleyn ko Dalgliesh: ga wanda za ki fara saya

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Tsakanin littattafan binciken kisan kai na Roderick Alleyn, jarumin marubuciya Ngaio Marsh, da na Adam Dalgliesh, jarumin P. D. James, da kike tambaya wanne za ki fara saya, ni dai Alleyn zan ce ki ɗauka, kada ki tsaya dogon nazari.

Dukansu manyan jami'an Scotland Yard ne, wato hedikwatar 'yan sandan Landan, kuma 'yan gidan mutunci. Alleyn ɗan manya ne, yayansa ke riƙe da sarautar gidansu, ya yi karatu a makarantar 'ya'yan manya ta Eton, ya yi soja, ya taɓa aikin jakadanci kafin ya koma ɗan sanda. Dalgliesh ɗan limamin coci ne, yana rubuta waƙoƙi, matarsa ta rasu wajen haihuwa tare da jaririn. Daga nan ma kin ga inda kowa ya dosa: ɗaya mai sakin fuska, ɗaya kullum cikin jimami.

Artists in Crime, na 1938, shi na fara karantawa, lokacin da nake jinyar Hajiyarmu a asibiti. A gwanjo na saye shi, bangonsa duk ya sha selotef. Da dare in ta samu barci sai in shimfiɗa tabarma gefen gado, in kunna fitilar waya. Labarin ya buɗe ne a jirgin ruwa yana barin Suva, babban birnin Fiji, inda Alleyn ya tarar da wata mai zane, Agatha Troy, tana aikinta, ta ƙi ba shi fuska. Bayan sun dawo Ingila sai aka kashe yarinyar da ɗaliban Troy ke zanawa, a cikin gidan Troy ɗin, da wuƙar da aka kafa a ƙarƙashin dandamalin da take kwanciya. Shi aka turo bincike. Ga aiki, ga matar da zuciyarsa ta kamu da ita tana cikin waɗanda dole ya tuhuma. Da safe ina ba Hajiya kunu ina mayar mata da labarin da Hausa. Rannan ta ajiye cokali ta ce, "Wannan yaron ya samu tarbiyya, yana tuhumar mutum bai ci masa fuska ba." Har aka sallame mu tana tambayata ko ya auri mai zanen. Ya aure ta, amma sai gaba.

Ga kuma mataimakinsa Sufeto Fox, dattijo mai haƙuri da ke fama da koyon Faransanci, wanda zai zauna a kicin ya sha shayi da masu aikin gida har su amayar masa da abin da suka gani. Marsh 'yar New Zealand ce, mai shirya wasan kwaikwayo, shi ya sa hirar mutanenta ke tafiya kamar kina jin muryarsu. Littattafai 32 ta rubuta a kansa, daga 1934 zuwa 1982. Aibinta, tsakiyar littafi takan ja, a yi ta kiran mutane ɗaya bayan ɗaya ana musu tambayoyi. Sannan in kin zo kan Black As He's Painted, na 1974, mai shugaban wata ƙasar Afirka ta ƙirƙira, ki shirya, akwai kallon da Turawan lokacin ke wa baƙar fata da zai sosa miki rai.

Dalgliesh kuwa, A Taste for Death na saya da tsada, har yau takardar da na sa alama tana tsakiyarsa. James ta iya rubutu, ba musu, amma sai ta cinye shafuka tana siffanta gini da ɗaki kafin a motsa. Littattafansa 14 ne, daga 1962 zuwa 2008. In kin matsa, Shroud for a Nightingale ya fi sauƙin haɗiya.

Abin da ba ki tambaya ba: ki yi hattara da masu sayarwa. Wasu littattafan Marsh suna biyu gare su, na Ingila da na Amurka. Opening Night shi ne Night at the Vulcan, Surfeit of Lampreys shi ne Death of a Peer. Wani ya taɓa haɗa min guda biyu ya rantse daban ne, na je gida na tarar labari ɗaya na biya sau biyu, na dawo ya ce kaya in sun fita ba sa komawa. Ki buɗe shafin farko na kowanne ki gwada. Ki kuma duba ƙarshe kafin ki miƙa kuɗi, don na gwanjo sau da yawa shafukan baya sun zube, kuma can ne ake faɗin wanda ya yi kisan. In ta waya za ki yi ciniki, a turo miki hoton shafin ƙarshe tukuna.

Ki nemi Artists in Crime, in kin gama ki bi shi da Death in a White Tie, shi ma na 1938, nan ne maganarsa da Troy ta kankama.