Ƙwallo Mai Nauyi Don Koyon Dukan Softbol: Abin Da Na Gani A Filin Makarantarmu

Ni malamin wasanni ne a wata makarantar sakandaren kwana ta 'yan mata da ke karkarar Gumel, kuma tun zangon karatun da ya gabata nake amfani da ƙwallaye shida masu nauyi wajen koya wa ɗalibai dukan softbol, wasan nan na dukan ƙwallo da sanda da aka fara a Shikago ta Amurka a 1887. Wani ƙanena da ke kasuwanci a Kano ne ya yi mini odarsu daga waje.

Ƙwallon da ake gasa da ita zagayenta inci 12 ne, nauyinta bai wuce giram 200 ba. Wadda na saya kuwa giram 425 ce, wato ta ninka waccan har da ɗoriya, kuma jikinta roba ce mai laushi da aka cika da wani abu mai kama da rairayi. Ba a yi ta don jifa da ƙarfi ba. Ana ɗora ta ne a kan turken roba, ko kuma malami ya durƙusa a gefe ya miƙo ta a hankali daga ƙasa.

Abin da ya fi gamsar da ni shi ne yadda take tona asirin mai duka. Idan yarinya ta sami tsakiyarta, kuma ta bi dukan da ƙugu da kafaɗa har ƙarshe, sai ƙwallon ta tafi a miƙe ba tare da karkata ba. Idan kuwa gefe sanda ta shafa, ko ta saki hannu da zarar sanda ta taɓa ƙwallo, nan take za a ga ƙwallon ta lotse, ta yi juyi, ta faɗi a gabanta kamar ɗanyen mangwaro. A da nakan yi ta maimaita cewa a ƙarasa duka har muryata ta dushe. Yanzu ɗaliba da idonta take ganin kuskurenta, ƙawayenta kuma su riga ni faɗa.

Akwai wata fa'ida da wataƙila masu ƙera ta ba su yi tunanin irinmu ba. Filinmu darni ne kawai ya raba shi da gonakin jama'a, kuma da damina ƙwallon gasa takan faɗa cikin gero, a ɓata rabin lokacin atisaye ana nema, ga ƙorafin mai gona a kan shukar da aka tattake. Mai nauyin nan komai ƙarfin duka ba ta yin nisa, don haka rukuni uku sukan yi atisaye lokaci guda a kusurwa ɗaya ta fili.

Sai dai nauyin ya yi wa 'yan ƙaramar sakandare yawa. A makon farko biyu daga cikinsu sun koka da ciwon wuyan hannu, kuma laifina ne, domin na bar su suna duka babu ƙidaya. Tun daga nan na ƙayyade wa manya duka goma, sannan su koma kan ƙwallon gasa don kada hannu ya manta da saurinta, ƙanana kuwa na hana su gaba ɗaya. Robar ma ba ta jure yanayinmu sosai ba: ɗaya da aka manta a rana da bazara ta tsage a gefe, abin cikinta ya fara tsiyaya, kuma faci irin na mai gyaran taya bai riƙe ta ba. Sauran biyar ina ajiye su a buhu cikin sito, kuma sai an share ƙaya daga wurin atisaye ake fito da su.

Kuɗinta ya fi na ƙwallon gasa, musamman idan aka haɗa da na dako. Duk da haka, malamin da ke da ɗalibai manya da ƙaramin fili ina ba shi shawara ya nemi guda huɗu ko shida, kuma ya tambayi mai sayarwa nauyin da aka rubuta a jikinsu kafin ya biya.