Sharhi kan Yadda Wani Asibiti a Ikeja Yake Raba Majinyaci da Na'urar Numfashi

Mutanenmu na Agege da Idi-Araba, idan nasu ya shiga sashen kulawa ta musamman, abin da suka fi tambaya shi ne ko asibitin yana da na'urar taimaka wa numfashi. Bayan jinyar yayana a wani asibiti mai zaman kansa a Ikeja, sakamakon ciwon huhu mai tsanani, ina ganin ya fi dacewa a tambayi yadda suke cire mutum daga kanta, domin a wannan aikin ake gane ƙwarewar ma'aikata.

Na'urar tana ceton rai, amma daɗewa a kanta yana da illa. Tsokar da ke tsakanin ƙirji da ciki, wadda ita ce ke jan numfashi, takan fara rauni cikin 'yan kwanaki idan inji ne yake yi mata aikinta, kuma bututun da aka zura ta maƙogwaro hanya ce da ƙwayoyin cuta suke bi su shiga huhu. Gaggawar cirewa ma haɗari ce, domin kimanin kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari na waɗanda aka zare wa bututun sukan buƙaci a mayar musu da shi cikin kwana biyu ko uku.

A wannan fanni asibitin ya cancanci yabo. Kowace safiya nas takan rage maganin sa barci har yayana ya farfaɗo, sannan ta sunkuya ta ce, "Alhaji, matse hannuna." Idan ya matse, kuma bugun zuciyarsa da iskar da ke jininsa sun daidaita, likita yakan rage taimakon na'urar a bar shi ya gwada numfashi da kansa, gwajin da a ƙa'ida yake ɗaukar minti 30 zuwa awa 2. Ranar gwajin farko gumi ya keto masa, numfashinsa ya koma gajere da sauri, sai suka mayar da shi kan cikakken taimakon na'urar ba tare da jinkiri ba, likitan kuma ya zaunar da mu ya bayyana cewa wannan ba koma baya ba ne, jiki ne bai shirya ba tukuna. Kullum kan gadon a ɗage yake kamar digiri 30, ana tsabtace masa baki, ana zuƙe majina, kuma ma'aikacin gashin ƙashi ya fara motsa masa gaɓoɓi da zaunar da shi a bakin gado tun bututun yana bakinsa, abin da ya tsorata matarsa kafin a yi mata bayani. Wuta ma, wadda ita ce fargabar kowa a Legas, ba ta taɓa tsayar da na'urar ba.

Inda suka gaza shi ne harshe. Wanda ya daɗe a irin wannan ɗaki yakan ruɗe, ya kasa bambanta dare da rana, kuma a wannan hali Turancin da yayana yake yi a kasuwa ya ɓace masa gaba ɗaya. Babu mai jin Hausa a cikin ma'aikatan, ga lokacin ziyara taƙaitacce, alhali gwajin numfashi yana buƙatar majinyaci ya fahimci abin da ake ce masa, hankalinsa ya kwanta. Sai da na roƙa sosai kafin aka yarda in riƙa tsayawa kusa da shi ina cewa, "Yaya, ja a hankali, muna nan."

Batun kuɗi ma bai gamsar da ni ba, domin ba a ba mu lissafi dalla-dalla sai mun nema. Haka nan, bayan an zare bututun muryarsa ta dushe, haɗiya ta yi masa wuya, ƙafafunsa ba sa ɗaukarsa, amma an sallame mu ba tare da tsarin ci gaba da gashi ba, mu da kanmu muka nemo mai zuwa gida. Duk wanda zai kai nasa wannan asibiti zai sami aiki mai kyau a cikin ɗakin, sai dai ya nemi izinin mai fassara tun ranar farko, kuma ya karɓi rubutaccen tsarin gashi kafin sallama.